Ranar da Na Ɓata Gilashi Ashirin da Huɗu

Da ƙyar na rubuta wannan. Na fara shi a bayan wata takardar awo na yage, na sake farawa a waya na goge. Yayata ta ce duk wanda ya ga rubutuna zai gane inda karatuna ya tsaya. To bari in faɗa da bakina kowa ya huta: a aji shida na firamare na tsaya. Idan kun ga inda na yi kuskure ku tsallake, labarin yana gaba.

Ni ba mai magana ba ce. Idan baƙo ya zo gidanmu, ni ce wadda take ajiye shayi ta ɓace kafin a ce an gode. Amma rashin magana ba rashin gani ba ne, kuma abin da na gani ranar Alhamis ɗin nan ya tsaya mini a wuya.

A gidanmu sau ɗaya ake gwada mutum. Yaya ta ci jarrabawar shiga sakandare, Mama ta ce wannan mai kai ce, yau ga ta tana aikin jinya. Ni na faɗi. Zan iya ce muku zazzaɓi nake yi ranar, amma ƙarya ne, lissafin ne ban iya ba. Mama ta wanke kayan makarantata, ta goge su tas, ta ba 'yar maƙwabta. Ba wanda ya ce a sake gwadawa baɗi. Ta dai ce, "Auta hannu gare ta, ba kai ba." Tun daga ranar haka ake gabatar da ni ga baƙi, kamar sunana na biyu.

Shekara uku ke nan ina aiki a shagon firam. Hotuna ake kawo mana da takardun shaida, mu yi musu katako, mu yanka gilashi mu sa. Shagon ɗaki ɗaya ne mai tsawo. A tsakiya akwai babban tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, a jikin bango manyan gilasai a jingine, a lungu kuma gwangwanin kananzir da ake tsoma abin yanka. Maigida tsoho ne, babban yatsansa na dama duk tabo, kuma yakan yi wuni guda bai yi magana goma ba. Shi ya sa muka dace.

Dokokinsa biyu ne. Ta farko game da rularsa ce, wata doguwar rular katako da ya ce tun yana yaron shago yake tare da ita. Bakinta ya cinye, don haka ba a fara awo daga farkonta. Daga ɗaya ake farawa, a ƙara ɗaya a ƙarshe. Idan arba'in kake so, sai ka tsaya a arba'in da ɗaya. Doka ta biyu: idan aikin da yawa ne, ka yanka guda ɗaya tak, ka gwada shi a firam, sannan ka taɓa sauran. Na ji waɗannan dokoki har na iya faɗarsu cikin barci.

A shagon nan na haɗu da mai nemana. Ya kawo wata takarda a sa masa a firam mai ruwan zinariya. Ya shigo da farar rigar aiki irin ta asibiti, da biro uku a aljihu, da tabarau wanda daga baya na gane ba na magani ba ne. Na karanta takardar a hankali, kamar yadda nake karanta komai. Shaidar halartar taron kwana biyu ce. Halarta kawai. Wato ya je ya zauna, an ba shi ruwa da biskit.

A kantin magani na kawunsa yake aiki, kuma mutanen layin suna ce masa Dakta. Mama ma Dakta take ce masa, tana jan sunan kamar tana tsotsar alewa. Ni ma a gabansa Dakta nake cewa. Amma a wayata Maki Biyu na sa masa.

Ga dalili. Shekara huɗu da suka wuce ya zauna jarrabawar samun lasisin haɗa magunguna, ya faɗi da maki biyu. Hoton sakamakon yana cikin wayarsa, ya zagaye wurin da jan layi. Ranar da ya fara zuwa gidanmu ya nuna mini, kafin ma ya tambayi abin da nake so a rayuwa. A zuwan farko laifin mai gadin jarrabawa ne, wai ta tsaya masa a ka. A zuwa na uku fanka ce ta lalace a ɗakin. Wata rana kuma ya ce masu makin sun ga sunan makarantarsu ne suka ji haushi. Na ƙirga, a wata biyar na ji masu laifi shida, kuma babu shi a ciki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ya san aikin. Na taɓa zuwa kantin sayo wa Mama maganin ƙafa, na same shi yana yi wa wata tsohuwa bayanin yadda za ta sha ƙwayoyinta. Ya zana mata rana da wata a jikin kwali, ya maimaita har ta gane, bai ƙosa ba. Ranar na ji wani abu a raina game da shi, ba zan ɓoye muku ba. Amma a bayansa, a kan kanta, na ga littattafan jarrabawar guda uku har yanzu cikin ledarsu, ƙura ta yi musu hula. Duk shekara ana sake jarrabawar. Duk shekara sai ya ce bana ba zai ba su kuɗinsa ba, sai sun gyara halinsu.

Mama ba ta ganin wannan. Ita dai mai ilimi ya ce yana son Auta.

"Ke kin san sa'ar da kika yi kuwa?" haka take ce mini idan ina wanke-wanke. "Mutum mai takardu har a bango, ya tsallake masu digiri ya zo gare ki. Kada ki yi mini wasa."

An sa ranar Asabar manyansa za su zo su ga Kawu, ƙanin marigayi Babanmu. Kuma Dakta ya riga ya faɗa, matarsa ba za ta riƙa yankan gilashi ba. Ban ce eh ba, ban ce a'a ba. A gidanmu shirun da na yi eh ne, don ba a taɓa jiran in gama tunani ba.

To ranar Alhamis Maigida ya tafi duba ɗan'uwansa da ba shi da lafiya, ya bar mini shago. Akwai aikin wani sabon asibiti mai zaman kansa, firam ashirin da huɗu, duk girma ɗaya, na hotunan da za su rataya a bango. An yi alkawarin kai su Juma'a da rana. Katakon mun gama, gilashi ya rage. Maigida ya ce in jira shi, gobe da safe mu yanka tare.

Ban jira ba. Na so ya dawo ya tarar da su a jere, ya ɗaga gira ya ce "To." Wannan "to" ɗin nasa ita ce babbar kyautar da ake samu a shagon, kuma na yi wata biyu ban ji ta ba.

Na auna firam ɗin da tef, arba'in da talatin. Na rubuta. Na ɗora babban gilashi a kan bargo, na ɗauko rular Maigida, na fara daga ɗaya kamar kullum, na tsaya a arba'in. Ban ƙara ɗayan ba. Na farko ya fita sumul, ya yi wannan ƙaramar ƙara mai daɗi da gilashi yake yi idan ya rabu a kan layi. Na dube shi, na dubi firam ɗin da suke can ƙarshen shago, na ce a raina, shekara uku ina wannan aiki, sai na tashi na je gwaji kamar sabuwa? Na ɗora shi a kan na biyu ya zama abin kwatance. Haka na bi su har ashirin da huɗu, ina waƙa ƙasa-ƙasa.

Wayata tana gefe tana ta ƙara. Maki Biyu ne.

"Gimbiya kin ci abinci?"

"Wane launi kike so a labulen falonmu?"

"Kin yi shiru. Ko gilashi ya fi ni?"

Sai wajen la'asar na goge na farko na ɗora a firam. Ya wuce ta ciki ya faɗo mini a tafin hannu. Na ɗauki wani, shi ma haka. Bakin katakon da yake riƙe gilashi siriri ne, ni kuma na rage santimita guda a tsawo, na rage guda a faɗi. Gilashi kuwa idan ya yi yawa ana iya ragewa, idan ya gaza ba mai ƙara shi. Na zauna a ƙasa kusa da gwangwanin kananzir, na daɗe ina kallon su a jere a jikin bango. Sun yi kyau ƙwarai. Ko ɗaya babu mai amfani.

Kuskurena na biyu a ranar shi ne na gaya wa Yaya. A ɗaki na same ta tana cire takalmin aiki, na ce mata kada ta faɗa wa kowa. Kafin in yi alwala Mama ta ji. Kafin in idar da sallar magariba Dakta yana falo.

Na saka doguwar rigata mai ruwan toka da mayafi baƙi, don ba ni da ƙarfin kwalliya. Mama ta dube ni ta ce in je in canja, wai na yi kama da mai zuwa ta'aziyya. Na ƙi motsawa, ta ƙyale ni. An fito da kofunan baƙi masu zanen fure, waɗanda mu ba ma taɓawa. Yana zaune a kujerar Baba, ƙafa ɗaya kan ɗaya, da farar rigar tasa. Wai daga kanti yake bai samu ya cire ba. Kantin yana rufewa, gidansu yana kan hanya, amma bai taɓa samun damar cire rigar nan ba idan gidanmu zai zo.

Abin da na fara lura da shi, fuskarsa a sake take. Ban taɓa ganin shi cikin nishaɗi haka ba.

"Sannu Gimbiya," ya ce. "Na ji abin da aka yi miki."

"Ba a yi mini komai ba. Ni na yi."

Ban san ko ya ji ba, don muryata ba ta wuce bakin mayafi.

"Zauna ki ba ni labari dalla-dalla. Ni na san irin waɗannan abubuwa."

Na zauna a gefen Mama na faɗa masa. Da na zo kan rula sai ya ɗaga hannu, ya ajiye kofi.

"Tsaya. Rular ba ta da farko?"

"Ta cinye ne."

"Kuma ya san ta cinye?"

"Ya sani. Ni ma na sani."

"Mama kin ji ko?" Ya juya yana murmushi. "An ba yarinya kayan awo mai lahani, an tafi an bar ta ita kaɗai, sannan a ce ta yi kuskure. Wannan ai tarko ne. Irin abin da aka yi mini ke nan. Sai su shirya maka faɗuwa, sannan su tsaya suna kallo."

"Wallahi kuwa Dakta," in ji Mama. "Ni dama tun farko ban so aikin nan ba. Abin da ya shafi lissafi ba nata ba ne. Tun tana ƙarama na sani."

"Ba laifinta ba ne, Mama. Kowa da yadda aka halicce shi. Wani an ba shi kai, wani an ba shi haƙuri da iya riƙe gida. Idan ka matsa wa mutum a kan abin da ba nasa ba, zalunci ne."

Ya faɗi haka yana kallona da tausayi, irin kallon da ake yi wa akuya mai ɗingishi. Na dubi biro ukun da suke aljihunsa. Shekara uku ina yanka gilashi, dubbai sun bi ta hannuna sun shiga gidajen mutane, har da wanda yake rataye a kantinsu. Rana ɗaya na ɓata, ga mutum biyu sun zauna a kan shayi sun gama yanke hukuncin yadda aka halicce ni.

Yaya tana bakin ƙofa tana cin biskit ɗin baƙi. Ta ce, "Ashirin da huɗu fa. Auta, ko a na goma ba ki ji wani abu a jikinki ba?"

"Ban ji ba."

"Kin yi ƙoƙari. Ni ko da gangan ba zan iya ɓata ashirin da huɗu a jere ba."

Wannan ya fi mini daɗi a kan tausayin Dakta. Aƙalla ita ta yarda ni na yi.

Sai ya ciro wayarsa ya gyara zama. "Kada ki je shagon nan gobe. Idan kika je zai tsare ki da ido, ke kuma ba ki iya kare kanki ba, sai ki ce kin yi laifi. Da kin faɗi haka shi ke nan, ya samu abin riƙewa. Ba a taɓa amsa laifi, Gimbiya. Ki koya daga wurina. Zan rubuta miki saƙo ki tura masa."

Ya yi minti goma yana rubutu, harshensa a gefen baki. Ban taɓa ganin ya mai da hankali a kan wani abu haka ba. Da ya gama ya miƙe tsaye, a falon da bai fi taku huɗu ba, ya karanta mana:

"Bayan gaisuwa. Ina sanar da kai cewa abin da ya faru a yau ya samo asali ne daga sakacinka na barin ma'aikaciya da kayan awo marasa inganci, ba tare da kulawa ba. Ba zan ɗauki alhakin abin da ba ni na jawo ba. Bisa shawarar masana da na tuntuɓa, daga yau na ajiye aiki, domin kare mutuncina da na iyalina."

"Masana su wa?" in ji Yaya.

"Ni mana."

Mama ta tafa hannu a hankali. "Ka ji magana. Ilimi daɗi. Auta kin ga abin da nake gaya miki? Da ke kaɗai ce da sai ki je ki tsaya kina kuka."

Ya turo mini saƙon. Wayata ta yi ƙara a cinyata. Na karanta shi da kaina, baƙi bayan baƙi, ina tunanin Maigida da tabarau a kan hanci yana karanta "masana da na tuntuɓa" daga yarinyar da ya koya wa riƙe abin yanka, wadda ya ɗaure wa yatsa da tsumma sau ba adadi.

"Tura mana," in ji Mama. "Dama jibi za a zo maganarki. Allah ne ya kawo ƙarshen abin da sauƙi."

Ban san daga ina tambayar ta fito ba. Ina kallon kafet na ji bakina yana cewa, "Dakta, yaushe za a rufe rajistar jarrabawarku ta bana?"

Dakta ya ɗago ya dube ni.

"Me ya kawo wannan?"

"Tambaya kawai na yi."

"Ƙarshen watan nan," in ji Yaya da baki cike da biskit. "Akwai wata a wurin aikinmu da za ta sake. Karo na uku ke nan."

"Karo na uku." Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Akwai mutanen da ba su da zuciya. Ni ba zan je in zauna da yara a sake wulaƙanta ni ba. Wanda ya san ni ya san na ci jarrabawar nan. Maki biyu ne fa. Bari in nuna..."

"Mun gani," in ji Yaya.

Mama ta harare ta, ta harare ni, ta ƙara masa shayin da bai nema ba. Ya sha, amma nishaɗin ya tafi. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara wuyan farar rigar, ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Na yafe miki tambayar nan, don na san ranki a ɓace yake. Ki tura saƙon kafin ki kwanta."

Ya yafe mini. Na gode Allah da mayafi, don ya rufe abin da bakina ya yi.

Da ya tafi Mama ta biyo ni kicin. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta ɗagawa, sai dai ta yi ta goge wuri ɗaya da tsumma.

"Kin kunyata shi a gabana."

"Tambaya na yi, Mama."

"Ke da kika kasa jarrabawar yara, ke ce mai tambayar mutum jarrabawa? Ki saurare ni. Kin gwada makaranta ba ta yiwu ba. Kin gwada aiki, ga abin da ya faru. Wannan ita ce ƙofar da ta rage miki. Idan kika koma shagon nan gobe bayan ya ce kada ki je, kin san abin da kika yi, kuma ni ba zan je ba shi haƙuri ba."

Na ci gaba da wanke kofuna masu fure. Ina so in ce mata makaranta sau ɗaya na gwada, ina 'yar shekara goma sha biyu. Ban ce ba. Na ɗauraye, na kife.

Kafin in idar da isha'i saƙo huɗu sun shigo.

"Kin tura?"

"Kada ki ji tsoronsa. Ina bayanki."

"Na tuna ma, ki ƙara cewa hasken shagon ba shi da kyau."

"Gimbiya, ni da ke iri ɗaya ne. Duniya ba ta yi mana adalci ba. Shi ya sa na zaɓe ki."

Wannan na ƙarshen na fi daɗewa ina kallo. Wata biyar ina tambayar kaina me mai takardu ya gani a jikina, ga amsar ta zo da kanta. Yana neman wadda za ta zauna kusa da shi a kan benci ɗaya, su riƙa lissafa waɗanda suka cuce su har tsufa. Na hango kaina bayan shekara goma a falo mai sabon labule, baƙi sun zo, shi ya ciro hoton maki biyu, ni kuma ina ba da labarin rula. Har na ji yadda zan riƙa faɗa, da yadda rular za ta riƙa ƙara lalacewa duk shekara. Abin da ya tsorata ni shi ne zan iya. Saƙon nasa yana da daɗin karantawa. Sau biyu na kai yatsa kan sunan Maigida.

Washegari na fita kafin Mama ta gama lazimi. Na bar mata shayi a filas. Ban yi sallama da ƙarfi ba, ita ma ba ta juyo ba, amma na san ta ji ƙarar ƙofa.

Na tarar Maigida ya riga ni. Yana tsaye a gaban gilasan da hularsa a hannu, da jakar tafiyarsa a kan tebur. Ya ɗauki ɗaya ya ɗora a firam, ya tare shi da tafin hannu da ya faɗo. Bai juyo ba.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya. Waye ya yi wannan?"

Mu biyu ne a shagon. Amma haka yake, sai ka faɗa da bakinka.

"Ni ce."

"Kin ƙara ɗaya?"

"A'a."

"Kin gwada na farko?"

"A'a."

"Me ya sa?"

Rular tana nan a kan bargo, da cinyayyen bakinta, kusa da hannuna. Na ce, "Na ɗauka na wuce gwaji."

Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe. Bai ce "ba komai" ba, don da komai. Bai kuma ba ni labarin wanda ya taɓa ɓatawa yana yaro ba. Ya ce, "Ki jera su a bayan ƙofa, za su yi ƙananan hotuna. Sabon gilashi ba zai iso ba sai gobe. Ke za ki yanka, ina tsaye."

"To, Baba."

"Ban gama ba. Na yi wa matar asibitin nan alkawarin yau. Sai an je an gaya mata ba za ta samu ba, kuma ba ta waya ba. Ni ban ɓata ba, ba zan je ba."

Da ya ce in share titi da hannu da ya fi mini sauƙi. Matar nan ita ce mai kula da ginin, doguwa mai magana da sauri, ranar da ta zo shago ko gaisuwata ban iya ƙarasawa ba. Na ce, "Me zan ce mata?"

"Abin da kika ce mini."

Na hau mota na sauka a gaban asibitin. Ko'ina warin sabon fenti, masu aiki suna ɗaura fitilu, a bangon dogon baranda kuma an riga an buga ƙusoshi a jere suna jira. Ban ƙirga su ba, na san adadinsu. Wani mai goge tagogi ya nuna mini ofishinta a ƙarshen barandar.

A bakin ƙofar wayata ta yi ƙara.

"Gimbiya, kin tura? Me ya ce?"

Na rubuta a hankali. "Ban tura ba. Ni na ɓata gilashin kuma na faɗa masa. Gobe ina aiki. Ka ce wa manyanka kada su zo."

Na ga alamar ya karanta. Na ga ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Na jefa wayar a jaka. Ban gama gyara mayafina ba ta fara ruri, kuma ba sai na duba ba, na san ba shi ba ne. Shi ba ya kira idan abu ya ɓaci, sai ya nemi wanda zai kai wa ƙara. Mama ce.

Na bar ta tana ruri. Daga ciki ina jin muryar matar tana yi wa wani faɗa a kan makara. Na goge tafin hannuna a jikin riga, na ƙwanƙwasa.